Ginin ƙasa ko gidan robobi a Kaduna, zai jure daminarmu kuwa?

Abban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar gini ina neman shawararku, ku yi min uzuri bayanin zai ɗan yi tsawo. Ina da ɗan fili a wajen Rigachikun, ban yi komai a kai ba sai katanga, yanzu Allah ya ɗan hore ina so in fara ko da ɗaki biyu da falo ne, amma wallahi raina ba ya son irin gidan nan da kowa ke yi. Ku zaga Millennium City, ku shiga Mando ta ciki, ku leƙa sabbin gidajen Rigasa, duk zubi ɗaya ne, bulon siminti, dogon rufin kwano mai tsini, ƙananan tagogi an cika su da ƙarfe, a manna tayil har jikin bango. An kashe kuɗi masu yawa amma da Maris ya shigo aka ɗauke wuta ba mai iya zama ciki, sai ka ga mai gida da iyalinsa a tsakar gida kan tabarma har tsakar dare.

Abu biyu ne ke min yawo a kai. Na farko in yi zaure da falo na ƙasa irin na gidan kakanmu a cikin birnin Zariya, mai bakan gizo da zane a jikin bango, wanda ko da azahar ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Na biyu gidan robobin ruwan nan da aka taɓa yi a Sabon Yelwa, a hoto na gan shi kuma ya burge ni sosai.

To uwargida ta ce mutane za su ce karayar arziki ce ta kama mu, birkilana kuma ya ce shi ba ya aikin ƙasa, wai ruwan Kaduna ba irin na Kano ko Katsina ba ne, damina biyu ta isa ta kwantar da ginin. Shin haka ne? Akwai wanda ya gwada a nan cikin gari? Kuma ma ana ba da izinin irin wannan ginin?

Sadiq Mai Zane:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni zanen gine-gine na karanta a ABU kuma wannan tambayar taka ta min daɗi, don mu ma abin yana damunmu. Birkilanka ya faɗi rabin gaskiya. Ruwan Kaduna ya fi na can sama yawa, yana haura milimita 1,000 a shekara, daga Afrilu har Oktoba, Agusta da Satumba kuma ba ɗagawa. Amma ruwa ta wuri biyu yake cin bangon ƙasa, ta ƙasa inda yake taruwa yana jiƙa gindin bango, da ta sama inda yake zuba a kansa, in ka toshe wurare biyun nan ka gama da yawancin matsalar. Fandisho ka yi shi da dutse ko kankare, ka ɗaga shi ya kai kamar gwiwa kafin ƙasa ta fara hawa, rufi kuma ya fito waje sosai kamar mita ɗaya ta kowane gefe yadda ko ruwa da iska ne ba zai riƙa dukan bango kai tsaye ba.

Sannan ba dole sai tubalin hannu ba. Akwai bulon jar ƙasa na inji, ana tankaɗe ƙasar a zuba siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 gwargwadon yanayin ƙasar, a ɗan jiƙa a matse da inji, a jera a inuwa a rufe da leda ana yayyafa masa ruwa na wasu makonni. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injin irin wannan bulon, har da wanda yake shiga cikin juna ba sai an sa kwaɓi a tsakani ba. In an yi shi da kyau ko filasta ba ya buƙata, jan launinsa kaɗai ado ne.

Sanyin da kake ji a zauren kakanka kauri ne ya kawo shi. Bango mai kauri a hankali yake shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi. Bulon siminti mai rami da kwano a kai kuwa nan da nan suke ɗauka su juye maka.

Maganar uwargida kuma, ka nuna mata aikin Francis Kéré ɗan Burkina Faso. A ƙauyensu Gando ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, mutanen garin ne suka yi aikin da hannunsu, ya yi silin na bulo mai ƙofofin iska, ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafa ya bar sarari a tsakani, zafi yana tashi ya fice ta saman, iska mai sanyi na shigowa ta tagogi. Wannan makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya karɓi Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a harkarmu, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Ga kuma Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, garin Hausawa ne 'yan'uwanmu, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci babba a gefensa da bulon ƙasa, aka gama a 2018. A nan gida ma Demas Nwoko, wanda a Zariya ya yi karatu, da jar ƙasa ya yi gine-ginensa a Ibadan, a 2023 aka karrama shi a Benis ta Italiya. Ba wanda ya kalli waɗannan ya ce talauci ne.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne rufin soro tsirara a Kaduna. Ka yi bakan gizonka a ciki, ka sa masa kwano a sama da sarari a tsakani.

Alhaji Ɗan Magina:

Salamu alaikum. Abban Ummi ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tuna da wannan sana'a. Ni gidanmu gidan magina ne a Zazzau, na taka ƙasa tun ina yaro kafin in koma kasuwa, to bari in ɗan ƙara a kan na Malam Sadiq.

Ginin ƙasa da kuke gani yana zubewa yawanci ba ginin magina ba ne, gaggawa ce. Mu a da in za a yi gini sai an haƙo jar ƙasa mai kyau, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a dawo a sake jiƙawa a sake takawa, sai ta yi danƙo ta kama hannu sannan a fara curin tubali. Tubali kansa a tsuke yake gindinsa da faɗi, a rana yake bushewa, in za a jera gindin ne a ƙasa kan a sama, magini yana zaune a kan bango ana jefa masa ɗaya bayan ɗaya yana cafewa. Bango daga ƙasa da kauri yake farawa yana sirancewa yana hawa. Kuma ba a hawa da yawa rana ɗaya, sai sahu ya sha iska a ɗora wani.

Bakan gizo kuwa azara ce ƙashinsa. Azara daga giginya ake tsaga ta, namijin da ya tsufa, gara ba ta cinta. Amma azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, shi ya sa magina suka yi dabara, sai a dasa ta a jikin bango ta ɗan karkato, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure wata, ta wancan gefen ma haka, ana bi da ƙasa ana lulluɓewa har ƙafafun su haɗu a tsakiya. In ƙafafu da yawa suka taru suka ɗauki tulluwa shi ne ɗaurin guga. A tsakiyar wajen haɗuwar wasu har tasa ko faranti mai ƙyalli suke mannawa, ka ɗaga kai ka ga yana walƙiya.

In kana son ka ga iyakar wannan ilimi ka je masallacin Juma'a na Zariya da ke kusa da fada. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840, har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birni. Daga baya an lulluɓe shi da ginin zamani ta waje amma tsohon aikin na ciki, ka tsaya ƙarƙashin bakan nan ka ga zanen da aka fitar a jikin ginshiƙai da hannu kawai. Har kwafinsa aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Zariya da Kaduna tafiyar awa ɗaya ce, ruwan da ake yi a nan kusan shi ake yi a can.

Kariyar ruwa ma muna da tamu. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe, shi ne bangon ke yin duhu-duhun nan mai sheƙi. Laso kuma da katsin marina ake haɗa shi da gashin akuya na majema da dafara, shi ake shafe rufi da zankwaye, indararo ya fito da tsawo ya watsa ruwa nesa da bango. Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka bari wani ya yi maka filastar siminti a kan bangon tubali. Ba sa kama juna, simintin zai tsage ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bangon na ruɓewa a ciki kai kana ganin waje lafiya, ranar da zai ɓallo faifai guda zai zubo.

Matsalar da za ka fuskanta ita ce azara ta yi wuya ta yi tsada, an sassare giginya ba a dasa ba, kuma maginan da suka iya ɗaurin guga sun manyanta, yaransu sun koma bulo da acaba. Amma akwai su, in ka shiga birni ka tambayi gidan Sarkin Magina za a haɗa ka da su.

Maman Hanif:

Ku yi haƙuri ni dai zan faɗi ta ɓangaren matar gidan, don ita ce za ta wuni a ciki. A gidan ƙasa na tashi a Tudun Wada kuma ban manta ba, sanyi kam akwai shi ba ƙarya, amma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, shekarar da babanmu bai samu hali ba kwanuka da bokitai muka jera a ɗaki cikin Agusta muna tarar ɗiga, ga ƙasa na zubowa a kan gado kullum kana shara, ga ɓera ya samu wajen haƙa, ga gara a bayan sif. Maza kuna zaure kuna shan iska ba ku san wannan ba.

Alhaji Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma a zamaninku gida cike yake da samari da za su hau soro su yi gyara, yanzu mutum yana fita aiki tun asuba sai dare, wa zai yi? Sannan Abban Ummi ka yi tunanin gaba, in wata lalura ta taso kana son sayarwa ko sa haya, dillali na zuwa zai ce filin kawai zai yi wa kuɗi. Ni ban ce kar ka yi ba, nima na gaji da gidajen nan masu kama da juna, amma ɗakunan kwana da kicin da bayi ka yi su yadda iyalinka za su huta, kuma ka zauna da ita ku yi shawara tun kafin a zana komai, kar ta ga gini kawai yana tashi.

Ɗan Kakuri:

Ni na je na ga gidan robobin da idona. Ƙungiyar DARE ta nan Kaduna ce ta fara shi a 2011, dabarar kuma ta wani Bajamushe ce Andreas Froese da ya daɗe yana irin ginin a ƙasashen Latin Amurka. Yadda ake yi, a samo robar ruwa a ɗura mata busasshen yashi a daddanna har ta yi tauri a rufe murfin, sai a kwantar da su a jere a kan fandisho, ana sa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakani, wuyan kowace roba a ɗaure da igiya a haɗa da na kusa da ita har ya zama raga. Ginin zagaye ne irin ɗakunanmu na da. Abin da ya fi kama min ido gindin robobin da ke leƙowa ta waje, kowanne da ɗan zanensa mai kusurwa biyar, sun jeru sahu-sahu, in rana ta faɗo a kai sai bangon duka ya zama ado ba tare da an sa fenti ba. Na buga bangon da hannu, ko gezau, kuma ciki da sanyi. A lokacin an ce gida mai ɗaki ɗaya da falo da kicin da bayi yana cin roba wajen 7,800.

To amma ka yi lissafi da kyau Malam. Ɗura yashi a roba kusan dubu takwas ba wasa ba ne, sai ka ɗauki yara aiki na makonni, kuma dole robobin su zama girma ɗaya in ba haka ba sahu ba zai daidaita ba. Da can kyauta ake tsintarsu a kwata, yanzu masu zoɓo da kunun aya na saye, 'yan bola jari na kai wa masu narkawa, ta zama kuɗi. Kuma roba in ta daɗe a rana tana ƙonewa ta fara farfashewa, gefen da rana ke duka sosai gara a shafe shi. Ni a ganina ka gwada da abu ƙarami tukuna, dakalin zama a ƙofar gida ko ɗakin mai gadi ko zagayen bishiya.

Maganar dillali da Hajiya ta kawo kuma, ku dubi ginin nan na Kajuru da wani Bajamushe ya yi da dutse a kan tsauni a shekarun 1980, fasalin gidajen sarakunan Turai na da ne ba namu ba, amma saboda ya fita daban har yau daga Abuja da Legas ake zuwa ana biya a shiga. Abin da aka yi shi da kyau yana samun mai so.

Usman Walda Panteka:

Oga Abban Ummi in ka tashi yin get da tagogi ka zo Panteka kar ka sayi na kanti. Mutane sun ɗauka mu tukwane da murhu da injin markaɗe kawai muke yi, alhali duk zanen da Alhaji yake magana na jikin bango muna iya fitar da shi a ƙarfe. Akwai wanda muka yi wa tagogi da dagi, maimakon sandunan nan na kurkuku, muka lanƙwasa rodi ya shiga ya fita ya ƙulle, tsaro ya samu iska na shiga, da hantsi kuma inuwar dagin sai ta kwanta a tsakar ɗaki tana matsawa a hankali har azahar, yaran gidan suna bin layin da yatsa.

Kuma tunda an taɓo maganar, abin na ci min rai yadda garin nan ba ya nuna hannun mutanensa. An yi tituna da gadojin sama masu kyau, Kawo ta canza, amma ka tsaya a yawancin shataletale ba abin da zai ce maka Kaduna kake. Jihar da aka tono kawunan Nok na yumɓu da suka haura shekara 2,000, jihar da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958 suka ce sai an dawo da fasahar gida cikin aikin zamani. Ko gadar Lugard da ke Gamji, ta ƙarfe ce da aka yi a Zungeru a 1904 aka kwance aka kawo nan, har gobe mutane na hawa suna ɗaukar hoto. Na san da yawanmu ba ma son mutum-mutumi kuma ba sai an yi shi ba, ga kakaki, ga tambari, ga linzami da sirdi, ga zanen hula da na wuyan riga, magina ma a da har keke da agogo da takobi suke fitarwa a fuskar gida. A haɗa ɗaliban Kadpoly da na ABU da mu masu walda a ba mu shataletale ɗaya da tarin tsofaffin ƙarafa a gani mana.

Sadiq Mai Zane:

Hajiya Maman Hanif maganarki ce ta fi kowacce nauyi wallahi, kuma ita ce dalilin da na ce kwano a sama. Ɗiga da yaɓen shekara-shekara daga rufin soro suke, in rufi ya rufe bango an yi daɓen siminti ko tayil a ƙasa, ɓera da gara ba su da hanya. Bayi da wajen wanke-wanke kuma nima da bulon siminti zan yi su.

Izini kuwa Yaya, takardun fili su zama daidai a KADGIS, hukumar takardun filaye ta jiha, sannan zane ya je KASUPDA, hukumar tsara birane, da hatimin mai zane da injiniya masu rajista. Ka sa a rubuta irin bulon a jikin zanen tun farko, in da hali a kai samfur a gwada ƙarfinsa a haɗa da sakamakon, ya fi a fara gini a zo ana jayayya.

Abban Ummi:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida duka, ta ce a gaida Maman Hanif. Inda muka tsaya, ɗakuna da falo bulon jar ƙasa na inji da rufi irin wanda Malam Sadiq ya kwatanta, bayi da kicin siminti, zaure kuma na tubali da bakan gizo in an samu magini, robobi za mu gwada a dakali. Malam Usman zan shigo Panteka. Baba Alhaji saura abu ɗaya, ƙasar filin nawa ja ce amma ta yaya zan gane ko za ta yi, kuma yaushe ya kamata a fara?

Alhaji Ɗan Magina:

Kar ka ɗebi ta sama mai baƙi-baƙi, wannan ta noma ce. Ka haƙa ya kai kamu biyu ka ɗebo ta ƙasan, ka kwaɓa ka cura tubali kamar goma ka ajiye a rana mako guda. In sun tsattsage yumɓu ya yi yawa sai an ƙara yashi da ciyawa, in kuma ka murza gefe yana zubewa a hannunka yashi ya yi yawa sai an nemo mai danƙo an haɗa. Wanda ya bushe lafiya ka ɗaga shi daidai ƙirjinka ka sake shi a ƙasa mai tauri, in ya rabe biyu ko uku ba komai, in ya watse gari ƙasar ba ta yi ba. Farawa kuma sai ruwa ya ɗauke, ka yi fandisho a Nuwamba, a yi curin tubali cikin hunturu, lallai rufi ya hau kafin ƙarshen Maris. Azara kuwa tun yanzu ka fara cigiya, ita ce za ta fi ɓata maka lokaci.